Ɗigon da Malam Dachung Ya Ɗiga

Ranar Laraba, bayan tara,
ruwa na dukan kwanon ajinmu,
Malam Dachung ya shigo da guntun alli
da doguwar rula mai karyayyen baki.
Ya ja layi ɗaya, daga gefen allo zuwa gefe.
"Nan ne tsayin idonku," in ji shi.
Ya ɗiga ɗigo a tsakiya, bai fi ƙwayar acca ba.
"Nan kuma kowace hanya ke zuwa ta ƙare."

Ni da na saba zana Inna
ta fi ƙofar gida tsawo,
ta fi bishiyar turaren da ke bayan katanga,
don a gidanmu babu wanda ya kai ta,
sai ga Malam tsaye a kaina,
ƙurar alli har gwiwar hannu.
"Zinatu, takarda ba ta san babba ba.
Nisa kawai ta sani."

Ran Asabar ya kwashe mu zuwa tsohon layin dogo,
inda ciyawa ta cinye katako,
awaki na kiwo tsakanin ƙarafa.
Ku miƙe hannu. Ku rufe ido ɗaya.
Ku ɗora babban yatsa a jikin fensir.
Ido ba mudu ba ne, amma ranar ya auna mini Jos:
mai turin baron dankali ya shige ƙarƙashin farcena,
Dutsen Shere, da duk faɗin ransa,
bai kai rabin fensirin da na tauna ba.

Ƙarafan nan biyu sun haɗu can gaba,
na gani da idona.
Na bi su a guje in taka wurin,
ina matsawa, wurin na matsawa.
Na dawo ina haki, ƙaya cike da safa,
Sagir na ta dariya har da riƙe ciki.
Malam bai yi dariya ba.
Ya ce shi ma ya taɓa bin sa.

Aikin gida: kowa ya zana layinsu.

Na zauna bakin ƙofa da magariba, sanyi na cin yatsuna.
Falwayar farko doguwa, ta biyu ta rusuna,
ta biyar kamar tsinken sakace.
Teburin mai shayi, shagon mai faci,
kwata tana tsukewa kamar bakin mazurari,
sai gada.
Bayan gada, gidan da su Kangyang suka koma
shekarar da manya suka daina ƙetarewa.
Tare muke cin gyaɗa a aji biyu.
Na auna gidan da fensir sau uku.
Daidai kan ɗigon ya faɗa.

Na zana, na goge.
Na ƙara masa taga, na goge.
Na goge har takarda ta huje.

Da safe Malam ya ɗaga ta saitin taga,
haske ya biyo ta hujin, ya sauka a kumatunsa.
Ya daɗe bai ce komai ba.
"Wanda ke tsaye can," in ji shi,
"in ya miƙe nasa fensirin,
ke ce ɗigon."
Ya ba ni shida cikin goma,
ya ce rufin mai faci ya karkace.

Inna ta karɓa da jiƙaƙƙen hannu,
ta kai nesa da fuska, ta dawo da ita kusa.
"Wace ce wannan 'yar mitsitsiyar a bakin famfo?"
Na ce, "Ke ce, Inna. Kin yi nisa ne."
Ta miƙo mini takardar, ta koma kan tukunya.
"To, gobe ki matso da ni."